Shata ya rasu tun 1999, me ya hana waƙarsa tsufa?

"Assalamu alaikum Baba. Ni dai ban riski Shata ba, an haife ni shekara 2 bayan rasuwarsa, amma tun ina ƙarami shi nake ji a motar mahaifina, in za mu Funtuwa daga Zariya kaset ɗaya ne har mu je mu dawo. Yanzu kuma ga sa'o'ina suna ɗora muryarsa a TikTok. Abin da ke ɗaure min kai shi ne waƙar da ta fito bara ma an manta da ita, shi kuwa bawan Allahn nan sama da shekara 25 yana kwance amma kamar jiya ya yi waƙoƙin. Mene ne sirrin? Me ya sa ba a samu wanda ya gaje shi ba? Kuma kana ganin 'ya'yanmu za su san shi kuwa?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambaya uku ka haɗa a ƙunshi ɗaya: me ya riƙe waƙar Shata har yau, me ya sa kujerarsa take a haka babu kowa a kai, sannan ko abin zai kai ga na bayanku. Ta ukun ita ce ta fi damuna, amma sai mun bi ta kan biyun farko kafin ka gane dalili. Ni dai abin da zan faɗa maka daga wurin aiki na samo shi, na yi shekaru masu yawa a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo, bayan na yi ritaya kuma na koma kwashe tsofaffin kaset ina mayar da su kwamfuta, to kusan kullum kunnena yana cikin muryar mutanen nan, har iyalina sun gaji sun daina magana.

Ranar da ya rasu

Ranar Juma'a ce, 18 ga Yuni 1999, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan ya daɗe yana jinya. Ka lura da lokacin, mulkin farar hula ko sati 3 bai cika da dawowa ba, hankalin kowa na kan sababbin gwamnoni da wa za a ba minista, amma da labarin ya fito sai da komai ya tsaya. A Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ba Musawa inda aka haife shi ba, ba Funtuwa inda ya kafa gida ba, ba Kano inda ya yi zama mai tsawo ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ubangida yake nufi a wurin mawaƙin wancan zamanin, kuma zan dawo kan maganar.

Ina wurin aiki ranar. Shugaban sashe ya leƙo ya ce a fito da duk abin da muke da shi na Shata, za a yi ta sawa har dare. Na ɗauko littafin rajista na fara bi lamba lamba, wallahi a nan gabana ya fara faɗuwa, don kwali yana nan da sunan waƙa a rubuce da jan biro amma ka buɗe ba komai a ciki, wani kuma tef ɗin yana nan amma ka ɗora a inji sai ka ji jawabin wani kwamishina a bikin raba taki, wato wata rana an rasa sabon tef aka ɗauki na Shata aka goge aka naɗi wannan a kai. Ba mugunta ba ce, rashin kayan aiki ne da rashin sanin darajar abu, tunda mai waƙar yana raye ai gani ake ko yaushe za a iya kiransa ya sake. To ranar aka gane ba sakewa.

Wane ne shi, a taƙaice

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba, don a wancan lokacin roƙo sana'ar gado ce kuma ba a ɗaukar mai yin ta da daraja. Ya yi tallan goro da alewa, daga waƙar dandali abin ya fara har ya zama sana'a. Ya zauna Bakori, ya zauna Kano, ya tare a Funtuwa. Ya taɓa siyasa ma da kansa, har kansila ya yi. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, shi ya sa kake jin ana cewa Dakta Mamman Shata, kuma tun 1975 Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a jami'ar Indiyana ta Amurka. Mutumin da bai yi boko ba ke nan fa. Wannan duk za ka same shi a rubuce, ba shi ne amsar tambayarka ba, don akwai masu lambobin yabo da yawa da ko jikokinsu ba sa tuna su.

Abin da ya riƙe waƙar

Na farko a wurina, kuma wanda ba a cika faɗa ba, shi ne Shata bai ɗaure kansa a ƙofar gida ɗaya ba. Duba manyan makaɗan fada, Narambaɗa da kotsonsa a fadar Isa, Sarkin Taushin Katsina, Ɗanƙwairo, waɗannan duk gwanaye ne na ƙarshe, ni a wajen zurfin Hausa ma ina sa Narambaɗa gaba da kowa, ko da masoyan Shata za su ji haushina. Amma su aikinsu sarauta ce, sarki da hakimi da ɗan sarki. Shi kuwa Shata kalangu ya ɗauka, kuma kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yanmata a dandali, kayan talakawa, sai ya shiga da shi ko'ina. Ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direban babbar mota, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa, ya yi wa ɗan bori, ya yi wa mata, ya yi wa dogari, ya yi wa daji da tsuntsu, da Amurkawa suka sauka a wata a 1969 kumbon ma bai tsira ba sai da ya yi masa waƙa. Abin da wannan ya haifar shi ne da wuya ka samu babban gari a Arewa da babu gidan da ke da rabo a cikin waƙarsa.

Kuma ni na ga amfanin wannan da idona. Cikin masu zuwa wurina neman waƙa, da yawansu ba masoya kiɗa ba ne ma. Wani yaro ne zai zo da shigar ofis, ya ce Baba an ce Shata ya ambaci kakana a wata waƙa, ko za ka taimaka. Sai mu zauna mu yi ta nema, wani lokacin ba ma waƙar kakan ba ce, a tsakiyar waƙar wani ne aka jefa sunansa sau ɗaya saboda ya yi kyautar riga a filin wasa. Akwai wata baiwar Allah da ta zo da ɗanta, muka samu wurin, daƙiƙa kusan 10 ne duka duka, sunan mahaifinta da garinsu da sana'arsa. Ta ce a maimaita, na maimaita, ta ce a sake, sai da na mayar sau 6 tana rufe da fuska da mayafi. Ba su da hotonsa ko ɗaya. To ka gaya min yaya za a yi wannan gidan su bar waƙar ta mutu?

Na biyu ginin waƙar ne kansa. Amshi gajere ne, layi ɗaya, wani lokacin kalma 4 ko 5, 'yan amshi suna ta maimaita shi kamar turke, shi kuma yana zagaye yana kiwo ya dawo. Yaro ɗan shekara 5 zai riƙe amshin a ji ɗaya, dattijo kuma yana can yana bin abin da ake faɗa a tsakani, kowa da rabonsa. Ga kalangu, wanda shi ba ganga ba ce kawai ta riƙe taki, magana yake yi, makaɗi yana matse igiyoyin a hammata yana saki, sautin yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa kafin Shata ya buɗe baki wanda ya saba ya riga ya ji amshin a bakin kalangu. Fiyano ba ta yin wannan, ko an saka mata sautin kalangu a ciki, sautin ne kawai babu zancen.

Kuma ba ya zama ya rubuta. A filin yake ɗinka abinsa, yana kallon wanda ya shigo da wanda ya tashi da wanda ya yi kyauta da wanda ya noƙe, sanƙira yana sanar da shi wane ne wane. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiya, wadda ita ce kirarinsa na kansa, ni kaɗai na kwashe ta kala daban daban har na daina mamaki, wata ta ƙuruciya murya na sama kamar za ta tsinke, wata ta tsufa a natse yana ja yana jinkiri, baitocin ma ba ɗaya ba. Mai sauraro ba ya ƙoshi da abu irin wannan, don ko yaushe akwai wadda bai ji ba. Waƙar situdiyo kuwa in ka ji ta sau 50 ka gama da ita, babu wata a bayanta.

Sai Hausar. Ba ya ɗaure magana da yawa, gajerun jimloli ne, amma akwai habaici a ciki da zambo da barkwanci da kake ji kana ɗan shekara 15 ka yi dariya, ka sake ji kana da 40 ka ce au, ashe abin da yake nufi ke nan. Da yawa daga maganganunsa sun fita daga waƙa sun shiga bakin mutane, za ka ji ana cewa "in ji Shata" a majalisa da kasuwa har da wanda bai san daga wace waƙa aka ciro ba. Abin da sa'o'inka ke ɗorawa a TikTok ai wannan ne, layi ɗaya mai kaifi da ya dace da halin da mutum yake ciki, ko na tura wa maƙiyi saƙo ba tare da an kama suna ba.

Akwai kuma sa'a, kar mu ɓoye. Ƙarfinsa ya zo daidai da zuwan na'ura. Faifan garmaho ya same shi, Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya same shi yana ganiyarsa, kuma tashar nan a gajeren zango tana kaiwa Maraɗi da Damagaram, tana kaiwa zangon Kumasi da Garwa da Injamena har Hausawan Sudan, wasiƙun zaɓi sonka daga can duk suna zuwa. Daga baya kaset ya zo ya yi arha, direbobi suka ɗauke shi suka watsa shi duk inda taya ke zuwa, irin motar mahaifinka ke nan. Akwai mawaƙan da aka ce sun yi tashe kafin zuwan waɗannan abubuwa, yau ko muryarsu babu, sai dai suna a bakin tsofaffi.

Bari kuma in rage maka zafi kan mawaƙan yanzu, don kwatancen da kake yi akwai rashin adalci a ciki kaɗan. Shata ya yi sama da shekara 50 yana waƙa, shi kansa bai ƙirga yawansu ba, amma wanda ke yawo a wayoyi yau nawa ne? In ka tattara waɗanda kowa ya sani ba za su wuce 'yan gommai ba. Zamani ya riga ya yi tankaɗe ya zubar da dusa, kai gari kawai ka tarar. Akwai waƙoƙinsa da na kwashe waɗanda gaskiya ba su da wani armashi, an ba shi kuɗi ya yi ya tashi. Su kuwa na yanzu kana jin garinsu da dusarsu a haɗe, sai nan da shekara 30 za a san abin da ya rage.

Mutuwa ma ta yi masa kwalliya, kamar yadda take yi wa kowa. Da ransa ba kowa ke sonsa ba. Ana tsoron bakinsa, akwai gidajen da zambonsa ya bar musu tabo har yau, in ka sa waƙar a gabansu sai an ɓata. Ya yi waƙar da malamai suka yi ta faɗa a kanta saboda batun shan giya, shi ɗin dai kuma ya yi ta yabon Annabi (SAW) da har yau in an sa ta sai jikin mutum ya yi sanyi. Duka biyun shi ne. Masu son mayar da shi waliyyi da masu son jefa shi wuta duk ba su saurare shi da kyau ba.

Maganar magaji

Masu kwaikwayo an yi su da yawa, tun yana raye ma. A cikin 'ya'yansa akwai wanda ya ɗauki kalangun yana yi, kuma akwai wasu da in ka rufe ido a minti na farko za ka rantse shi ne. Minti na biyu ne ke tona asiri, lokacin da ya kamata mutum ya faɗi nasa, sai ka ji ya koma baitocin marigayi yana canja suna kawai. Murya ana iya aro, kaifin kai na nan take ba a aronsa.

Amma ni ban ɗora laifin a kan yaran ba, gonar ce ta canja. Shata ya fito ne daga wani tsari: akwai dandali inda yaro zai gwada bakinsa da dare a gaban 'yanmata, in ya yi shirme a yi masa dariya ya gyara gobe; akwai bukukuwa da ake kwana ana wasa; akwai iyayen gida irin Sarkin Daura da za su riƙe mawaƙi shekara da shekaru, doki, riga, mota, kujerar Makka, ba kwangilar waƙa ɗaya ba; akwai yaran kiɗa da za su bi mutum shekara 20 har su san numfashinsa, ya ɗaga gira su san inda zai juya. Yanzu wa zai ciyar da mutum 10 ko 12 da iyalansu alhali yaro ɗaya da kwamfuta a situdiyo zai haɗa maka kiɗa cikin awa 2? Mai biki ma ya gwammace ya kira DJ. Dandali ya mutu a yawancin garuruwa, wani wuri wa'azi ya kashe shi, wani wuri talabijin da waya, sannan a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya zo ya ƙarasa, ƙasar Katsina da Zamfara da Sakkwato inda nan ne matattarar makaɗa, yau wa zai tara jama'a a fili ƙarfe 2 na dare?

Sannan duk wanda zai zama "sabon Shata" ya riga ya faɗi tun daga sunan. Shi ai bai zama sabon kowa ba. Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 da kuntiginsa shi kaɗai ya yi nasa, Barmani Choge da ƙwaryarta ta yi nata a cikin mata, Haruna Uji da gurmi, babu wanda ya tsaya a inuwar wani. In akwai magaji to yana iya kasancewa cikin masu fiyanon nan da muke rainawa. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa suna waƙar sarauta da Hausa mai nauyi, Rarara kuma duk abin da za ka ce da shi ya iya zambo kuma ana tsoron bakinsa, wannan ɓangaren gadon bai faɗi ƙasa ba. Matsalar waƙar siyasa dai ita ce ranta a ɗaure yake da zaɓe, in an rantsar ko an faɗi ta tafi, gobe kuma mai ita ya yabi wanda ya zaga jiya.

Ko 'ya'yanku za su san shi?

Sunan za su sani, wannan ba na shakka. Amshi 10 ko 20 ma za su sani. Abin da nake tsoro shi ne su gaji ɓawon a rasa ƙwayar, kuma ta hanya biyu abin yake lalacewa.

Ta farko sautin kansa. Tef ba dutse ba ne. Zafinmu da ƙura da damina suna cinye shi, ya yi fumfuna, ya manne da juna, wani in ka ɗora a inji sai ka ga garin ruwan ƙasa yana zuba a kan kan injin, wannan garin fa shi ne muryar take zubewa. Abin da ke yawo a memori da YouTube kuma yawancinsa kwafin kwafin kwafi ne, an naɗa daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset a inji mai gudu fiye da ƙima, shi ya sa wani lokacin za ka ji muryarsa ta yi siriri kamar ta yaro, ba haka take ba, gudun injin ne. Daga nan mai tura waƙa a kasuwa ya matse fayil ɗin don ya shiga memori da yawa, ƙasan kalangun ya tafi sai ƙwanƙwasa. Ana yanke farkon waƙa inda sanƙira ko mai gabatarwa ke faɗin wuri da wanda ake yi wa, don wai surutu ne. Ana sa suna ba daidai ba, na sha ganin waƙar wani mawaƙin daban an rubuta Shata a kai don ta samu masu kallo. Yanzu kuma ga masu ɗora masa kiɗan fiyano a ƙasa, ga masu sa kwamfuta ta kwaikwayi muryarsa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Yaron da za a haifa gobe da me zai bambance?

Ta biyu ta fi wannan ciwo. Waƙar Shata cike take da mutane da wurare da abubuwan da suka faru, kuma makullinsu yana kan tsofaffi. Wane ne wannan da aka ambata, me ya haɗa su, habaicin nan da wa ake, me ya sa jama'a suka fashe da dariya a daidai nan? Akwai wani dattijo tsohon direba da nake kai wa waƙoƙin da suka shige min duhu, in sa masa a 'yar rediyo a ƙofar gidansa, ya karkata kunne ya ce tsaya, mayar baya, wannan ai wane ne mai sayar da taya a tasha kaza, rigimarsu a kan kaza ce. Waƙar da na yi shekara ina ji a matsayin yabo sai ya nuna min ashe rabinta zagi ne a lulluɓe. Kullum ina cewa zan zo da na'ura in naɗi bayaninsa gaba ɗaya, ina ta sai wani satin, har aka aiko min ya rasu. Abin da na rubuta a bayan kwalayen kaset shi kaɗai ya rage. Wannan laifina ne ba na kowa ba.

An yi ƙoƙari fa, ba a zauna ba. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da babban littafin tarihinsa a 2006, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya yi shekaru yana bin mutanen da aka yi wa waƙoƙin gari gari yana rubutawa, ɗaliban sashen Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato sun yi kundaye. Amma yawan waƙoƙin ya fi ƙarfin mutum 5 ko 10, kuma kundi a kan kanta a laburare ba ya isa wayar ɗan shekara 18.

Sai batun haƙƙi, wanda ba a son tayarwa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ka lissafa daga 1999 ka ga inda ya kai. Wato ba kayan tsintuwa ba ne, yana da magada. Amma dubi yawan shafukan da ke cin kuɗin talla da muryarsa, ka tambayi kanka ko nawa ne cikinsu suka taɓa neman iyalinsa. A ɗaya hannun kuma, in aka ce a sauke duka, to an rufe ƙofar da yara irinka ke shiga su same shi. Ni abin da nake gani ya fi shi ne iyali da gidajen rediyon da ke riƙe da asalin tef da wata jami'a su haɗu, a kwashe da inji mai kyau, a rubuta bayanin kowace waƙa, a fitar da ita a wuri ɗaya da kowa ya san nan ne na gaskiya, kuɗin ya riƙa komawa gida. Faɗa dai da sauƙi, na san yadda irin wannan zama yake watsewa a kan wa zai riƙe makulli.

Iyakar inda ƙafata ta tsaya: ni ba makaɗi ba ne, abin da na faɗa kan kalangu na mai saurare ne, in ka samu tsohon makaɗi zai buɗe maka abin da ya fi haka nesa. Shatan da na gani da ido kuma na shekarun tsufa ne, na ƙuruciyar a tef na san shi kamar kowa. Hukuncin kiɗa a addini kuwa ba fagena ba ne, malamai suna nan ka tambaye su.

Kai kuma ga naka aikin, tunda ka ce akwai kaset a motar mahaifinka. In yana nan kar ka yi gaggawar cusa shi a tsohuwar rediyon da ta shekara 10 ba a kunna ba, za ta tauna shi. Fara duba ta 'yar tagar nan ko akwai farin fumfuna, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko ya faɗi, ka sa biro a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe don ya saki jikinsa. In ya tsinke kar ka ɗaura, kuma kar ka bi dabararmu ta da ta liƙawa da jan farce, akwai siririn salatif da ake yi don wannan. Ka nemi mai inji mai lafiya ya kwashe maka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ba MP3 ba, kowane gefe ɗungurungum ba yankewa, har da surutun farko da tafin ƙarshe, ka ajiye a wuri 3, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya ko da rubutun hannu ne. Sannan in Allah ya sa mahaifin naka yana raye, ranar da za ka kunna masa ka ajiye wayarka a gefe tana naɗa, kar ka ce masa hira za a yi don zai noƙe, ka bar waƙar ta yi minti 2 kawai sai ka ce Baba wai wannan da ya ambata wane ne.